Ra'ayin Jarida: Kafin A Hau Mumbari, Abin Da Wusasa Ta Koya Game Da Horar Da Masu Wa'azi

Zabori ƙaramar hukumar karkara ce a jihar Dosso, can yankin Gaya inda Nijar da Najeriya da Benin suka haɗa kafaɗa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an toshe gadar da ta haɗa Gaya da Malanville, manyan motoci suka yi jerin gwano a bakin kogi, fatake suka koma tsallakawa a kwalekwale. Kaya ɗaya ne rufe iyaka bai taɓa ba, shi ne wa'azi. Abin da aka faɗa a kan mumbari a Kaduna ko Jos ko Sakkwato ranar Juma'a ko Lahadi, kafin mako ya zagayo ya shiga wayoyin samari a kasuwannin Kamba da Gaya da ƙauyukan da ke kewaye da su. Ba ya biyan kuɗin fito, ba ya tsayawa a shingen kwastan. Wanda ke can Paris ko Jidda ko New York ma yana samun nasa a WhatsApp, ya turo wa 'yan gida.

Saboda haka tambayar wa ya horar da mai wa'azin, kuma me aka koya masa kafin a miƙa masa lasifika, ta shafi mutumin Zabori kamar yadda ta shafi mutumin Sabon Gari. A ƙasar Hausa akwai wata makaranta da aikinta ke nan, ko da yake da yawa daga matasan birni ba su taɓa jin sunanta ba. Ita ce Kwalejin Tauhidi ta St. Francis of Assisi da ke Wusasa, a bayan ganuwar Zariya, ɗaya daga cikin makarantun da Cocin Angilika ta Najeriya ke horar da limamanta da masu wa'azinta. Angilika ita ce ɗariƙar da ake kira Episkofal a Amurka, ma'ana cocin da bishop-bishop ke jagoranta. Musulmi da Kirista duka suna da abin dubawa a tarihin wurin, mai daɗi da mara daɗi.

Labarin ya fara tun kafin a san za a yi Wusasa. A 1841 ƙungiyar mishan ta cocin Ingila, wadda aka fi sani da CMS, ta sanya mutanenta biyu cikin ayarin jiragen da suka hau kogin Kwara: wani Bajamushe mai suna James Frederick Schön, da Samuel Ajayi Crowther, wanda a 1864 ya zama baƙar fata na farko da aka naɗa bishop a Angilika. Schön ya kamu da son Hausa. Ya buga nahawunta a 1862, ya buga ƙamus a 1876, kuma babban malaminsa a wannan aiki yaro ne daga ƙasar Damagaram, Dorugu, wanda ya bi matafiyin nan Heinrich Barth har Landan. Wato tun tashin farko, ɗan ƙasar da yau ake kira Nijar ne ya sanya wa 'yan mishan Hausa a baki.

A 1900 Bishop Herbert Tugwell ya jagoranci wani ƙaramin ayari zuwa Kano. A cikinsu akwai wani matashin likita, Walter Miller, wanda ya fara zuwa Tarabulus ya koyi Hausa a bakin fatake da mahajjata. Sarkin Kano Alu Babba bai ɓata lokaci ba, ya ba su 'yan kwanaki su tattara su bar masa gari. Suka koma Girku a ƙasar Zazzau, inda ɗayansu ya rasu. Sai a 1905 Miller ya samu zama a cikin birnin Zariya, a zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, ya buɗe ɗakin shan magani da makarantar yara. Wannan ya kasance abin mamaki a lokacin, domin bayan cin Sakkwato a 1903 Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa musu addini ba, kuma da wannan alkawari Turawan mulki suka riƙa taka wa 'yan mishan birki a masarautu.

Ba a yi wa tarihi adalci ba idan aka ce zaman ya yi lafiya. Miller mutum ne mai kaifin harshe da kaifin alƙalami, ya tsoma baki a siyasar fada, ya riƙa kai ƙarar sarkin wurin Turawa, kuma ƙorafe-ƙorafensa na cikin abubuwan da suka share hanyar tuɓe Aliyu Ɗan Sidi aka kai shi Lakwaja. 'Yar'uwarsa Ethel kuma ta wallafa wata ƙasida a shekarun 1920 wadda ta taɓa mutuncin Annabi Muhammad (SAW), abin da ya fusata Musulmi ya kuma tayar wa Turawan mulki hankali. A ƙarshe mishan ta bar cikin birni a 1929 ta koma Wusasa, ƙarƙashin jagorancin sabbin jini irin su Guy Bullen. Duk wanda ke son sanin abin da wa'azin tsokana ke jawowa bai buƙatar zuwa nesa. Cibiyar da ake magana a kanta ta ɗanɗana shi tun tana jaririya, har ya taimaka wajen raba ta da mazauninta na farko.

Sai dai a Wusasa an yi wani abu da ya kamata a tsaya a kai. Cocin St. Bartholomew da aka gina a 1929 ba a kwaikwayo shi daga Ingila ba. Da ƙasa aka yi shi, da tubali da azara da bakan gizo, irin ginin da Zazzagawa suka gada tun zamanin Babban Gwani wanda ya gina tsohon masallacin Juma'a na birni. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Miller ya ɗauki kaso mafi tsoka a ciki tare da Hausawan da suka zauna da shi suna tace kalma bayan kalma. Masu fassarar sun riƙe sunan Allah, sun riƙe kalmomi irin su annabi da mala'ika da addu'a da sujada da zunubi da tuba, waɗanda Hausa ta daɗe da karɓa daga Larabci. Wannan zaɓi ya sa har gobe Kiristan Bahaushe da Musulmin Bahaushe suna magana a kan Ubangiji da kalmomi iri ɗaya, ko da ma'anar ta rabu a wasu wurare. Kusanci ne mai amfani, kuma mai haɗari. Kalmar da maƙwabcinka ke ji a matsayin tasa, idan ka murɗe ta a bainar jama'a, ba zai ɗauka kuskuren baƙo ba ne.

Wani ɓangare na jama'ar farko ta Wusasa ma ba daga cikin Maguzawa suka fito ba. Zuri'ar Isawa ne, mabiya wani malami mai suna Ibrahim wanda karatunsa na Alƙur'ani ya kai shi ga fifita matsayin Annabi Isa, aka kashe shi a Kano a ƙarni na 19, almajiransa suka watsu. Wajen 1913 wasu daga cikinsu suka nemi Miller, aka kafa musu ƙauye a Gimi, ciwon barci ya yi musu ɓarna, waɗanda suka tsira da yawa suka ƙare a Zariya da Wusasa. Mutane ne da suka zo da allo da tawada a tarihinsu. Daga wannan ɗan ƙaramin gari da makarantarsa aka samu Dakta Russell Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa kuma jagoran farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa, wanda asibitin koyarwa na Kaduna ke ɗauke da sunansa. Aka samu Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. Aka samu John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. A nan kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi, domin mahaifinsa mai bishara ne na CMS da ya taso daga ƙasar Angas ya zauna a Wusasa. Gari mai wannan ƙanƙanta da wuya a samu irinsa a yawan abin da ya ba Arewa.

Mahaifin Gowon misali ne na asalin aikin da kwalejin ta gada. Turawan mishan ba su taɓa yin yawa ba, zazzaɓi da yaƙe-yaƙen duniya da ƙarancin kuɗi kullum na rage su. Waɗanda suka ɗauki nauyin wa'azi a ƙauyuka 'yan ƙasa ne, malaman makaranta da masu bishara, waɗanda ake tarawa a koya musu karatu da yadda ake bi da sujada da yadda ake tsayawa gaban jama'a. Da coci ya girma, buƙatar ta girma. A 1954 aka kafa dayosis guda ɗaya tal domin Arewa baki ɗaya. A 1979 Cocin Najeriya ta samu cin gashin kanta, a 1980 aka raba Arewa uku, Kaduna da Kano da Jos. A 1990, zamanin Akbishop Joseph Adetiloye, aka buɗe sabbin dayosis takwas a Arewa cikin wata guda, har da Sakkwato da Katsina da Maiduguri da Bauchi. A 1997 Wusasa kanta ta zama dayosis. Jihar Kebbi, wadda ke kallon Dosso ta tsallaken iyaka, ita ma tana da nata bishop. Kowace sabuwar dayosis na nufin ƙarin mumbarai, kowane mumbari kuma na neman wanda zai hau shi. Kudu na da kwalejojinta a Ibadan da Umuahia da Akure. Ta Wusasa ita ce ke zaune a tsakiyar ƙasar Hausa, inda ɗalibi zai ji kiran salla sau biyar a rana yana cikin aji.

Yana da kyau a fahimci yadda tsarin ke aiki, domin a nan ne darasin yake. A Angilika mutum ba ya wayar gari ya ce an kira shi a mafarki, ya sayi lasifika ya buɗe coci. Jama'ar majami'arsa ne za su fara shaidarsa, bishop ya tantance shi ya tura shi kwaleji. A can zai shafe shekaru yana karatun Littafi Mai Tsarki da tarihin coci da tauhidi da tsarin sujada da dabarun wa'azi da kula da jama'a. Idan ya gama, bishop ya ɗora masa hannu ya zama dikin, ya yi aiki ƙarƙashin wani babba, sannan a naɗa shi cikakken limami. Ko wanda ba limami ba, idan zai riƙa wa'azi a kai a kai, sai da takardar izinin bishop, kuma wanda ya bayar yana iya karɓewa. Akwai kuma jadawalin karatu na shekara wanda ya tsara nassin da za a karanta kowace Lahadi. Wannan jadawali kamar ƙaramin abu ne, amma yana hana mai wa'azi ya maƙale wa ayoyi uku da suka dace da fushinsa ya yi ta nanata su shekara da shekaru. Dole wata rana ya zo kan nassin da ke maganar yafiya, ko haƙƙin baƙo, ko wanda ke sukar shugabannin addini su kansu.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Musulmin ƙasar Hausa. Tsarin ijaza, inda malami ke ba almajiri izinin karantar da littafin da ya sauke a gabansa, ya girmi zuwan Turawa da ƙarnuka. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin Nijar ta yau, sai da ya zauna gaban malamai irin su Malam Jibrilu ɗan Umaru kafin ya fita yawon wa'azi a Gobir da Zamfara da Kabi. 'Yarsa Nana Asma'u ba ta tura jajis ɗinta ƙauyuka haka kawai ba, sai ta karantar da su ta kuma ba su malfa, alamar cewa da izini suke magana. Daga baya aka samu makarantar shari'a ta Kano a 1934, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci, aka samu Jami'ar Musulunci ta Say a Nijar a 1986. Addinan biyu sun san cewa baki wuƙa ne. Abin da ya canja shi ne wayar hannu ta rushe ƙofar da a da sai an bi ta gaban malami ko bishop kafin a wuce. Yau yaron da bai sauke Ahalari ba, ko wanda bai taɓa karanta Linjila daga farko zuwa ƙarshe ba, yana iya tara mabiya a TikTok fiye da jama'ar wani babban masallaci ko babban coci, kuma manhajar ba ta saka wa mai haƙuri. Wanda ya fi zagi shi take turawa gaba.

Sunan da kwalejin ke ɗauke da shi ma yana da labari. Francis mutumin Assisi ne a Italiya. A 1219, ana tsakiyar yaƙin 'yan Salibiyya a Dimyaɗ ta ƙasar Masar, ya tsallaka fagen daga ba makami ya je wurin Sarki Al-Malik Al-Kamil. Ya je ne da niyyar wa'azi, bai ɓoye ba. Sarkin ya saurare shi, bai karɓi addininsa ba, ya kuma sallame shi lafiya. Bayan ya koma gida, a cikin ƙa'idojin da ya tsara wa almajiransa, ya umarci masu zama cikin Musulmi da su guji gardama da jayayya. Shekara 800 bayan wannan ganawa, a Fabrairun 2019, Fafaroma Francis da Shehin Azhar Ahmad Al-Tayyib suka sa hannu a takardar 'yan'uwantakar bil'adama a Abu Dhabi. Makarantar da ta ɗauki wannan suna, a garin da tarihinsa ya haɗa da ƙasidar Ethel Miller, ta ɗaura wa kanta nauyin da jama'a ke da ikon tambayar ta ko tana saukewa.

Mutum biyu da suka taɓa shugabantar kwalejin sun nuna irin faɗin abin da ke fitowa daga cikinta. Na farko Josiah Idowu-Fearon, wanda ya zama bishop na farko a Sakkwato a 1990, sannan na Kaduna. Ya je Birmingham ya yi karatu mai zurfi a kan Musulunci, ya kafa cibiyar nazarin dangantakar Kirista da Musulmi a Kaduna, ya shugabanci Hukumar Zaman Lafiya ta Jihar Kaduna, kuma daga 2015 zuwa 2022 shi ne babban sakataren Angilika na duniya. Wasu daga cikin nasa sun sha zarginsa da sassauci da yawa ga Musulmi. Na biyu Benjamin Kwashi, wanda aka ƙona masa coci da gida a rikicin 1987, ya zama bishop na Jos a 1992, ya yi suna wajen fitowa fili ya faɗi abin da ake yi wa Kiristocin Filato, daga baya ya zama babban sakataren GAFCON, gamayyar cocin Angilika masu riƙo da tsohuwar koyarwa. Ita wannan gamayya an kafa ta ne a 2008, bayan ɓarakar da ta biyo naɗa Gene Robinson, mai auren jinsi, a matsayin bishop a cocin Episkofal na Amurka a 2003, matakin da Cocin Najeriya ta yi fatali da shi. Wato akwai lokacin da ofisoshi biyu da ke jan ragamar Angilika a duniya, masu saɓani da juna, duk tsoffin shugabannin wata kwaleji ce a gefen Zariya ke riƙe da su. Sun bambanta a ra'ayi matuƙa. Amma dukkansu sun yi gardamarsu da hujja da rubutu da taro, a cikin tsarin da ke iya kiran su ya tuhume su.

Rikicin 1987 ɗin nan ya isa a tuna da shi, domin da yawa daga masu karanta wannan shafi ba a haife su ba lokacin. A watan Maris na shekarar, a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, wani mai wa'azi da ya bar Musulunci ya yi amfani da ayoyin Alƙur'ani a taron ɗalibai Kirista. Musulmin ɗalibai suka ce ya yi ɓatanci. Faɗa ya kaure, aka ƙona masallatai a Kafanchan, wuta ta tsallaka Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, aka ƙona coci-coci masu ɗimbin yawa, aka rasa rayuka. Janar Babangida ya kwatanta abin da yunƙurin juyin mulkin farar hula. Shekara shida da 'yan watanni kafin nan, a Disambar 1980, wa'azin Maitatsine ya ci rayuka sama da 4,000 a Kano. A Nijar, a Janairun 2015, an ƙona coci-coci da dama a Damagaram da Yamai bayan zanen ɓatancin wata jaridar Faransa da Kiristocin Nijar ba su da hannu a ciki. A Yunin 2019 an ƙona wani coci a Maraɗi bayan kama wani limami da ya soki dokar tsara harkokin ibada. Yanzu kuma ga Lakurawa a iyakar Sakkwato da Kebbi da Nijar, waɗanda suka shigo ƙauyuka da sunan kariya da wa'azi da karɓar zakka, har suka kashe mutane a Mera ta ƙaramar hukumar Augie a Nuwamban 2024. Babu mai hankalin da zai haɗa ɗan bindiga da malami ko fasto a ma'auni ɗaya. Amma ƙauyen da babu mai ilimin da zai tsaya ya ce wannan fassarar ba haka take ba, shi ne ƙauyen da mai bindiga ke samun masu sauraro.

Gwamnatoci sun fi son gajeriyar hanya, wato lasisi. Kaduna na da dokar soja ta 1984 kan wa'azi, gwamnatin El-Rufai ta kai ƙudurin sabunta ta a 2016, majalisa ta amince a 2019, shugabannin addinai da dama suka yi ca, ƙungiyar cocin Fentikos ta garzaya kotu. A 2025 gwamnan Jihar Neja, Umaru Bago, ya ce masu wa'azi su nemi lasisi har su gabatar da huɗubarsu a duba. Ana fahimtar fargabar da ke bayan wannan. Sai dai jami'in gwamnati na iya buga hatimi a takarda, ba ya iya sanya ilimi a kan mutum, kuma gwamnan da aka ba ikon tace huɗuba domin hana fitina, gobe shi zai yi amfani da ikon ya toshe bakin malamin da ya yi maganar albashi ko satar kuɗin jama'a. Wanda ya tunzura jama'a a yi kisa, dokokin laifi na nan, a gurfanar da shi ko wane ne shi. Tace mai wa'azi kuwa aikin waɗanda suka san fannin ne, su ne za su iya kama shi a inda ya murɗe nassi. Wannan ne abin da tsarin bishop da kwaleji ke yi idan yana aiki yadda ya kamata, shi ne kuma abin da ijaza ke yi.

A ce yana aiki yadda ya kamata, nan ne gizo ke saƙa. Irin waɗannan makarantu kuɗi suke ci, kuma ba sa kawo riba. Cocin Episkofal na Amurka, duk da arzikinsa, ya taɓa mallakar wata shahararriyar Kwalejin Masu Wa'azi a harabar babban cocin ƙasa da ke Washington. An buɗe gininta a 1929, shekarar da aka gina cocin ƙasa na Wusasa. Tsarinta mai ban sha'awa ne: limaman da suka riga suka daɗe a bakin aiki ake tarawa na 'yan kwanaki, kowa ya yi wa'azi gaban takwarorinsa, su yi masa gyara ba sani ba sabo. A 2009, bayan durƙushewar tattalin arzikin duniya, aka rufe ta saboda rashin kuɗi. Idan mai doki ya koma kuturu, mai jaki sai ya yi hattara. A Najeriya ta yau, da tsadar abinci da wutar lantarki da littattafai, abu ne mai sauƙi coci ko ƙungiyar Musulunci ta zuba miliyoyi a ginin bene da tayil da na'urar sanyaya ɗaki, ta bar makarantar da ke samar da mai hawa mumbarin tana lallaɓawa. Masu aiko da kuɗi daga ƙetare suna da hannu a wannan, domin an fi son a ga hoton hasumiya a ce ga abin da wane ya gina. Ɗaukar nauyin ɗalibi ɗaya na shekara uku, ko sayen littattafan laburare, ba ya fitowa da kyau a hoto.

Akwai abubuwan da ya dace Cocin Angilika ta riƙe da muhimmanci game da Wusasa. Harshe na kan gaba. Ɗalibin da aka horar da Ingilishi zalla, aka tura shi ƙauyen Maguzawa a Kano ko Katsina, ko wani gari a bakin iyakar Kebbi, da Hausa zai yi wa'azi, kuma a bakinsa ne kalmomin za su gyaru ko su ɓaci. Garin da ya ba duniya Littafi Mai Tsarki na Hausa bai kamata ya bar wa wasu aikin rubuta littattafan tauhidi da Hausa ba. Ta wannan harshe ne kuma kwalejin za ta iya amfanar ƙananan majami'un Nijar, waɗanda yawancinsu ba Angilika ba ne, tushensu mishan ɗin SIM ne da Katolika, kuma Faransanci ya raba su da littattafan Najeriya alhali Hausa ta haɗa su. Sai kuma sanin maƙwabci. Ɗalibin da zai yi rayuwarsa cikin Musulmi ya cancanci ya ji Musulunci daga bakin malamin Musulmi, ba daga littafin raddi kaɗai ba, kuma Jami'ar Ahmadu Bello da zaurukan malaman birnin Zazzau duk suna nan kusa. Haka su ma makarantun horar da limamai da masu da'awa, a Najeriya da Nijar, babu abin da zai rage musu idan ɗalibansu suka san abin da Kirista ke nufi da kalmominsa kafin su hau mumbari su ba da labarinsa. Wanda ya yi imani da gaskiyar addininsa ba ya tsoron a faɗi na wani daidai.

Dabarar Washington ma abar ɗauka ce, kuma ba ta buƙatar ginin dutse. A tara fastocin da ke bakin aiki, ko limaman Juma'a na yanki guda, sau ɗaya a shekara, kowa ya kawo faifan wa'azinsa a saurara a gaban manya, a nuna masa inda ya yi daidai da inda ya zarce. Majalisun malamai da ƙungiyoyin coci a Birnin Kebbi da Kamba da Gaya da Dosso na iya fara wannan da abin da bai kai kuɗin taron buɗe sabon gini ɗaya ba. Wusasa kuma, mai tsohon coci da asibitin St. Luke da takardun sama da shekara 90 a hannun iyalai da ma'ajiyar mishan, ya kamata ta tattara wasiƙu da rajistoci da rubuce-rubucen masu bisharar farko ta mayar da su cikin kwamfuta tun gara da damina ba su gama da su ba, a buɗe su ga ɗaliban tarihi na kowane addini.